Jirgin da Baffa Ya Nutsar Mini

Makon jiya masu facin titi suka kafa rabin duro a hanyar Kende suna dafa kwalta. Ina tafe a kan babur, na ɗauko wata mata da buhun albasarta, sai warin ya shigar mini hanci. Ban san lokacin da na rage wuta na tsaya ba. Matar ta ce, "Malam, mai ne ya ƙare?" Na ce a'a, na sake tayar da babur muka wuce. Me zan ce mata? Ita warin titi ta ji. Ni Baffa na ji.

Baffa wan mahaifina ne, shi ya riƙe ni, don mahaifina ya rasu tun ban iya ɗaura wando ba. Gidanmu gidan fito ne a bakin gulbi. In ba ka san fito ba, shi ne ƙetarar da mutane da kayansu a jirgin ruwa. Masu zuwa kasuwar Bagudo mu kawo su, masu nufar Illo da Lolo mu kai su, daga can wasu su wuce Binin, wadda Baffa har ya koma ga Allah Faranshi yake ce mata. A mashiginmu kowane gida da turkensa, wani guntun icce da aka kafa a gaɓa inda ake ɗaure jirgi. Namu kakanmu ya kafa shi. Dokar wurin ɗaya ce, kuma ba a rubuce take ba: turken da baƙin ruwa ya zo ya tafi bai ga jirgin gidan yana aiki ba, sarkin fito zai ba wani.

Ruwa biyu gare mu a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka da yayi, mai saurin fushi. Sai baƙin ruwa da ke zuwa lokacin sanyi, daga nesa, shiru, ba hadari ba komai, ka kwanta gaɓa tana can ka tashi ta matso. Lokacin ne fito ke ci, don an yi girbi, kowa na da abin kaiwa kasuwa. Na tashi ina ganin tururi a kan ruwa da sassafe, da ƙaurin bandar kifi, da matan Dendi suna ƙwala wa Baffa kira daga ƙetare da yarensu, shi kuma yana amsa musu da zagin wasa. Awaki a ɗaure, kekuna a jibge, tsofaffi suna riƙe da gefen jirgi suna salati ƙasa-ƙasa. Baffa a baya da gorarsa ta tura jirgi. Ni a tsakiya da ƙoƙo, ina kwarfe ruwan da ke tsattsafowa. Aikin farko na ɗan gidan fito ke nan. Kafin a ba ka filafilin tuƙi sai bayanka ya san ƙoƙo.

Da rani in ruwa ya ja baya sai a jawo jirage tudu a kife su. Baffa ya zauna da tsumma da wata dakusasshiyar wuƙa yana cusawa a tsagu, ni ina hura wutar kwalta. Warin ya kama gemunsa da rigarsa da buzun sallarsa. Ko a sahun masallaci, ido rufe, na san inda yake tsaye.

Inna ce ta sa ni makaranta. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta ma kallona in tana magana. Sai ta fuskanci tukunya ko kaji ta faɗi abin da take so in ji. Na gama firamare, na shiga sakandare a Bagudo, ina aji biyu baƙin ruwa ya zo da ƙarfi, Baffa ya aiko a ce in zo in kama masa na ɗan kwana biyu. 'Ya'yansa duk mata ne. Kwana biyun nan ban sake ganin allon aji ba. Karatuna ke nan. Ina iya rubutu kamar yadda kake gani, Turancina kuma na bariki ne.

Da na kawo ƙarfi Baffa ya sa aka haɗa mini jirgi nawa. Ban daɗe da shi ba na ji ana ɗaukar soja, na sulale na tafi ban gaya masa ba, sai da aka ɗauke ni na dawo sallama. Bai yi faɗa ba. Ya tashi ya nufi gulbi, na bi shi. Ya kai jirgina wani lungu ƙarƙashin wata giyayya, ya loda masa duwatsu, ya karkata shi ruwa ya shiga, muna tsaye har ya ɓace. Haka ake yi a gidajen fito. Jirgin ɗan da ya yi tafiya ba a sayar da shi, ba a ba da aronsa, ba a kuma barinsa a tudu rana ta fasa shi. Ruwa ake ba ajiya. Duk rani a tayar da shi a duba, a shafa kwalta, a mayar. Ranar da mai shi ya dawo sai a tayar da shi gaban mutane a miƙa masa ƙoƙo. In ya karɓa ya kwarfi ruwan farko, ya faɗa wa kowa ya dawo ke nan, ba sauran tafiya. Ba a tambayarsa da baki.

"Tai abinka," in ji Baffa. "Ruwa na riƙe ma shi."

Ba zan ba ka labarin soja ba. Na tafi da kunne biyu na dawo da ɗaya, ɗayan wata ƙara ta tafi da shi a daji. Abin da zan faɗa kawai, na yi shekara da shekaru da igiyar muƙami ɗaya a hannu, ina kallon yaran da na koya wa ɗaure takalmin but suna wuce ni saboda takarda. In sara musu, su amsa suna kallon gefe don kunya. Da aka sallame ni saboda kunnen, sajenmu na dā, wanda ya riga ni barin aiki ya zauna Birnin Kebbi, ya kira ni a waya. Ya ce akwai makarantar manya ta yamma kusa da gidansa, akwai ɗakin zaure ba kowa. In zo in ƙarasa sakandare in zana jarrabawa, daga nan in nemi makarantar koyon aikin lafiya, tun da a daji ni ke ɗaure wa mutane rauni kuma hannuna ba ya rawa. Ya ce, "Kofur, kanka bai mutu ba, kunne ne ya mutu. Ka je ka gai da gida ka zo, ana fara karatu da shigowar sanyi."

Na ce to. Kuma da gaske nake. Har littattafai na saya a tasha, na sa su ƙasan jaka ƙarƙashin kaki don kar a gani a yi mini dariya.

Na iso gida ruwa ya fara baƙi. Na tarar da Baffa a zaure, yanar ido ta rufe masa gani, sai da na yi magana ya gane ni. Ya shafa fuskata, ya shafa kafaɗuna kamar mai tayin bijimi. Ya ce na yi nama. Jirginsa na ɗaure a turke, amma tun damina bai ƙetara ba, don ya taɓa ɗaukar mutane ya nufi da su inda ba gaɓa. Maƙwabta sun rufa masa asiri zuwa lokacin. Baƙin ruwa kuwa ba ya rufa wa kowa.

Da yamma Inna na tankaɗe a tsakar gida, na zauna nesa kaɗan. Ita ta buɗe jakata don ta fitar da wanki, na san ta ga abin da ke ƙasa. Ta kori wata kaza, ta ce wa kazar, "Gobe za a tada jirgi. Wanda ke da wurin zuwa, in an miƙa mai ƙoƙo ya sa hannu aljihu. An taɓa cewa kwana biyu."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na ji da kunnen da ya rage.

Washegari bayan an idar da sallar asuba gari ya waye, muka gangara. Sarkin fito na nan da mutanen mashigi, har da waɗanda ke jiran turkenmu ya faɗo hannunsu, su ma sun zo taya murna. Samari suka nutsa suka kwashe duwatsun, suka ɗago jirgin. Ya fito baƙi wuluk, lafiya lau, ko tsaga babu. Duk shekarun da na yi ina fareti, tsohon nan bai tsallake rani ɗaya ba. Na ƙarshe ma, aka ce, da lalube ya shafa kwaltar har ya ƙona yatsu.

Baffa ya ciro ƙoƙon daga aljihun rigarsa. Wanda na yi yarinta da shi ne, da ɗinkin zare a baki. Ya miƙo, ba daidai inda nake ba, ɗan gefe. Hannuwana suna aljihu. Ban fito da su ba. Wani daga baya ya ce, "Soja ya manta ruwa, sai a kawo mai bindiga." Aka ɗan yi dariya.

Baffa bai janye hannu ba. Ya jira. Da ya ji ba a karɓa ba sai ya tattare rigarsa ya shiga ruwan da kansa, yana lalube da ƙafa, har ya kai masa ƙirji. Ruwan sanyi ne mai shiga ƙashi. Ya kama gefen jirgin ya fara kwarfa. Ba ya gani, rabin abin da ya ɗebo cikin jirgin yake komawa. Haƙoransa na kaɗawa, ina ji daga gaɓa, ni mai kunne ɗaya.

Sarkin fito ya ce, "Malam, hito. Ba aikinka ba ne wanga."

"To na wa ne?" in ji Baffa.

Kada ka ce na yi tunani. Ban auna makaranta a hannu ɗaya da turke a ɗaya ba, yadda masu ba da shawara ke cewa a yi. Na ga kaina cikin ruwa da takalmi, na karɓi ƙoƙon, na ce, "Kawo, Baffa." Na kwarfa na watsar. Mutane suka ce barka da dawowa. Shi ke nan. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Sanyi kawai na ji.

Da na koma gida Inna na bakin murhu. Ba ta yi wa tukunya magana ba ranar, ba ta yi wa kaji ba.

Saje ya kira, na ce sai bayan baƙin ruwa. Ya sake kira, na ce sai baɗi. Ya ce, "Kofur, ni ma ɗan ƙauye ne, na san baɗi." Bai ƙara kira ba, kuma ban ga laifinsa ba. Littattafan gara ta ci rabi, sauran matata ta ƙulla ƙuli-ƙuli da su.

Turke ya tsaya a gidanmu, in wannan ne kake son sani. Baffa ya yi sauran kwanakinsa a gindin giyayya yana sauraron ƙarar filafilina, yana gyara mini tuƙi da kunne. Bai daɗe ba ya rasu, hankalinsa kwance. Bayansa masu hali suka kawo jiragen inji, abin da nake yi a wuni su yi kafin hantsi. Aka gyara hanya, babura suka kwashe mutane ta gada. Aka rufe iyaka, aka buɗe, aka sake matsawa. Wata ranar kasuwa na zauna daga safe har la'asar, fasinjana tsohuwa ɗaya da tunkiya. Turken da na ba da karatuna a kansa, yau ko kyauta ka ba mutum sai ya tambaye ka me zai yi da shi. Ba wanda ya ƙwace. Akuya ake ɗaurewa a jiki.

Ni na kai jirgin ƙarƙashin giyayyar da hannuna, na loda masa duwatsu. Ba kowa a wurin. Na sayi babur, ga ni tsakanin Bagudo da Kende da Zagga.

Ba zan ce maka da na tafi Birnin Kebbi da na zama wani abu ba. A inda muke tsayawa da babura akwai yaro mai digiri, layi ɗaya muke bi, ni ma nake ara masa famfo. Wataƙila da na je da na faɗi jarrabawar. Wataƙila da yanzu ina wani asibitin ƙauye da farar riga ina jiran albashi. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Dā wannan rashin sanin yana hana ni cin abinci. Yanzu ba ya hana ni komai.

Babban ɗana bana yake gama sakandare. Kwanan baya wani tsoho daga mashigi ya tare shi ya ce gidanku na da jirgi a ruwa, ka ce wa babanka ya tayar maka ka riƙa ɗan kamun kifi kafin sakamako ya fito, kwana biyu ne. Yaron ya zo mini da maganar yana murna. Inna na zaune a tabarma, ta tsufa ƙwarai, ƙoƙon nan na gefenta, da shi take watsa wa kaji dawa. Na ga ta jawo shi ta tura ƙarƙashin zanenta.

Tun ranar da na nutsar da jirgin ban tayar da shi ba. Rani nawa ya wuce bai ga kwalta ba, na daina lissafi. Giyayyar ma ruwa ya cinye gindinta ta faɗi, ba wanda zai gane wurin in ba ni ba.

Yaron ya ce, "Baba, wai yana ina?"

Na ce, "Cikin ruwa."

"Ta wane wuri?"

Na juya masa kunnen da ba ya ji.