Keken da ke Durƙusawa

Shekara ashirin da wani abu ina sayen ƙwan zabi a hannun Malam Badaru, kuma ban taɓa ganin ya sunkuya ba sai a salla. Ni mai shayi ne a Gwaram. Shi kuwa tun kafin a yanke Jigawa daga Kano yake bin rugage da ƙauyukan Basirka da damina, yana tattaro ƙwai a kwando, ya shimfiɗa musu ƙaiƙayi, ya kawo mana a baƙin kekensa. Dogo ne, a miƙe kamar taɓarya. Ko hularsa ce ta faɗi, da ƙafa yake ɗago ta. A wurinsa duk abin da ke lanƙwasa ya lalace, ko ƙarfe ne ko mutum.

Ƙugu ne ya fara kawo masa raini. Gargadar hanya ta yi ta dukansa har ya zama in ya iso sai ya riƙe teburina kafin ya sauko. 'Ya'yansa suka ce ya ajiye keke ya zauna a gida. Shi kuwa zaman gida a wurinsa ba shi da maraba da kwanciya asibiti, don duk hirarsa da abokansa a kan hanyar nan suke.

'Yarsa Sharifa, wadda ke aure a Kano, ita ta nemo mafita. Ta aiko masa da keken gwanjo irin na hawan dutse, mai doguwar shakazoba a gaba, wato ƙafafun da ke riƙe da taya suna nutsewa su taso in an faɗa rami. Ta haɗo da sharaɗi: za ta zo Juma'a ta uku, in ta tarar ƙugun bai yi sauƙi ba, sana'a ta ƙare.

A gabana ya gwada shi. Ya danna kan keken, ya nutse kusan taƙi guda, ya taso. Ya hau ya matsa birki, sai keken ya durƙusa kamar ya ga surukinsa. Malam Badaru ya sauko rai a ɓace, ya ce an cuci yarinyar nan, an sayar mata da keke mai ciwon gwiwa.

A nan wajenmu ba a hawa sabon keke sai an kai shi an ƙarfafa shi, a ƙara masa waya, a yi wa kariyar ɗora kaya tokara, don buhu zai ɗauka. Don haka ya gungura shi wurin Ƙasimu mai walda. Ƙasimu, Allah ya ba shi lada, ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Ya ce nutsewar nan ita ce maganin ƙugun. Abin da ba a so shi ne tayar ta riƙa karkacewa gefe, wannan kuwa noti ne ya saki, sifana za ta gyara. Malam Badaru ya ce shi bai zo karatu ba. Ƙasimu ya yanko rodi biyu irin na gini, ya ɗaure su daga kan keken zuwa gindin taya, hagu da dama. Keke ya sandare, mai shi ya yi murmushi.

Ƙwan zabi dai ɓawonsa tauri gare shi, sai ka buga da gaske yake fashewa. Washegari da hantsi Malam Badaru ya iso, kwandon gaba yana ɗiga, ƙwai da ƙaiƙayi sun zama kunu. Shi kansa ya kasa saukowa. Mu uku muka ɗauke shi yadda yake, hannu a miƙe kamar yana riƙe da keken, muka ɗora shi a benci. Haushi ya kama ni, don ranar gayan burodi na sayar. Na faɗa masa maganganu, ya ce laifin zabin bana ne, ba sa cin abinci mai kyau.

Da ya warware, sai ya ce zai yi adalci tsakaninsa da keken: ya sa Ƙasimu ya cire rodi ɗaya, ya bar ɗaya. Sai ya zama ƙafar dama na nutsewa, ta hagu ta ƙi. Duk ramin da ya faɗa, keken sai ya kauce gefe. A haka ya bar hanya ya shige fadamar Inna Azumi, aka tsamo shi daga cikin shinkafa, taɓo har gemu, kwandon a ɗage sama da kansa.

Ranar da yamma ya zo ya zauna a bencina. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar, kuma tausayinsa ya kama ni. Ya ce, "In yarinyar nan ta karɓe min hanya, me zan riƙa yi da safiya?" Na miƙa masa sifanar da nake gyara risho da ita. Da hannunsa ya kwance rodin, ya matse notin da Ƙasimu ya faɗa. Kwana goma yana zagayawa ta bayan gari don kada a gan shi yana rausaya.

Ranar Juma'a ta ukun, Sharifa ta zo ta zauna a rumfata tana kallon hanya. Can sai ga shi yana tafe, yana sama yana ƙasa, fuska a ɗaure. Ya zo daidai gabanta ya matsa birki, keke ya durƙusa, shi ma ya bi shi har gemunsa ya taɓa kwando. Dattijo ya rusuna wa 'yar cikinsa a gaban jama'a, kowa ya fashe da dariya.

Sai ya jefa ƙafa ya sauko da kansa, bai riƙe tebur ba, bai dafa ƙugu ba. Sharifa ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Baba, Allah ya kai mu daminar baɗi."

Ya ce, "Ba ke na gaisar ba, keken ne."

Na buɗe kwandon, ko ɗaya bai fashe ba. Rodin nan biyu suna nan, a kansu nake ɗora tukunyar shayi.