Gaba Ashirin Babu Danshi

Yau da na murza yashin rijiyar da nake haƙa a Ɗanzomo, sai marigayi Baffana ya faɗo mini a rai. Shekarar da Turawa suka kafa turakun iyaka a Maigatari, ya haƙa gaba ashirin a Gagarawa babu ko danshi. Mai gari ya leƙa ya ce, "Malam, fito haka nan, ka yi ƙoƙari."

Muryarsa ta taso daga ƙasa: "Ranka ya daɗe, in na fito yanzu, ramin kashe awaki na bar muku. A sako guga!" Kwana tara bayan nan ya fito da taɓo har gwiwa.

Ni ga yashina busasshe, ga hadari yana haɗuwa a gabas, ruwan farko zai rufta ramin. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya ara mini haƙurinsa ko na mako guda.