Kwaɗin Aro a Fadamar Dada

A daminar shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, wata Laraba da hantsi, tankar baƙin mai ta kwanta a kwanar da ke bayan unguwar Malam Inna, cikinta ya fashe. Shekarata goma sha huɗu, kuma har gobe ina iya rantsewa ƙarar ta hana kajin unguwar Shamaki yin ƙwai mako guda. Direba ya fito garau yana salati, amma man ya bi kwari ya gangara cikin fadamar da kakata Dada take noman shinkafa da damina, albasa da rani.

Da farko murna muka yi. Kowa ya zo da gwangwani yana kwasa, don ana shafa wa azara baƙin mai saboda gara, ana kuma shafa wa jaki mai ƙazwa. Jakin maƙwabcinmu ya sha shafa har mai shi ya wuce shi a hanya bai gane shi ba. Sai washegari muka ga tarwaɗa sun taso ciki sama, shinkafa ta langaɓe, balbela tana yawo kamar an tsoma ta a tawada. Malamin gona ya zo da dogon takalmin roba, ya yi ta caka sanda a laka yana duba zurfin baƙin, ya kafa turaku tsakanin inda ya mutu da inda zai tashi. Babana ya ce Dada ta haƙura da wurin ta zauna gida. Ta ce fadamar da ta ci da ita shekara da shekaru ba za ta gudu ta bar ta a kwance ba.

Aka kira gayya. Baba Yila, wani Batangale mai aiki a gidan gurzar auduga, ya kawo buhunan tarkacen auduga da ɓawon gyaɗa. Mu baza su a kan ruwa, su sha mai su yi nauyi, mu jawo da manjagara mu kai tudu a ƙone. Aka kankare lakar sama, aka zuba taki, aka dasa ciyawar da aka cirowa daga wani kwari. Amma Dada tana da nata ma'aunin: "Sai kwaɗo ya yi kuka ruwa ya warke." Kafin nan ba shuka, kuma ni ne mai jidar laka duk Asabar, tsarana suna can suna langa.

Da rani ya wuce aka yi ruwan fari, na ga jira ya ishe ni. Na tafi wani kududdufi a Tudun Wada na cika bokiti da kwaɗi, manya masu murya kamar ladanai, na juye su a fadamar, na sheƙa gida na kamo hannun Dada ina ihun albishir. Muna isa muka tarar da su sun jeru suna tsalle zuwa titi kamar kasuwa ta watse. Ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Maigida, baƙin naka ko ruwa ba su tsaya sha ba?" Ta sa na bi su ɗaya bayan ɗaya na mayar inda na ɗebo, wai abin aro mayarwa ake yi.

Sai a damina ta gaba kwaɗi 'yan gida suka dawo da kansu. Wata la'asar bayan ruwa suka kaure da kuka, Dada ta zauna a kan kunya tana saurare tana dariya ita kaɗai. Babana da kansa ya ɗauko mata irin shinkafa a keke.

Yau gidajen bulo ne a wurin, ruwan sama yana bin kwata ya wuce, jikokina kuma a littafi suka san tarwaɗa. Ba na ƙorafi, na ci tuwon shinkafar nan na ƙoshi. A can na gane akwai abin da wayo ba ya kawowa, sai dai a jira shi.