Akwatin Aro a Lefen Ƙanena

Muna buɗe lefen ƙanena a gidan su amarya a Magama, sai gwaggonta ta ƙura wa babban akwatin ido. Ga shi kuwa aronsa muka yi wajen maƙwabciyarmu Hajiya Tabawa. Farkon Shari'a ne, ba kiɗa sai walima, ɗan abin hannunmu duk ya tafi a atamfofin Maraɗi.

Ta shafa wani tabon ƙuna a murfin, ta ce, "Ɗiyata, wanga na Hajiya Tabawa ne ko?"

Na sunkuyar da kai.

Ta raɗa min, "Ni na ƙona shi da turaren wuta. Cikinsa aka kawo nawa lefen, ga ni shekara ashirin a ɗakina."

Sai ta rangaɗa guɗa.

Ku fa, wa ya taɓa rufa muku asiri ranar biki?