Ranar da Motar Maƙwabcina Ta Ƙi Tashi

A shekarun da kuɗin man fetur suka cika gari, maƙwabcina a Ƙofar Marusa ya samu kwangila ya sayi sabuwar mota fara. Ajinmu ɗaya a firamare, kuma a littafina yake kwafar lissafi. Ni na ƙare a gyaran wayar mota, ina hawa keke. Na je na yi masa Allah ya sa alheri kamar kowa, amma maganar ba ta kai zuci ba.

Bai cire ledar kujerun ba, kuma kullum sai ya wanke motar har injinta, wai kada ta tsufa. Wata Juma'a ya ci babbar riga, ya murɗa makulli, motar ta ce ƙyat ta yi shiru. Dole ya zo ƙofata.

Ina kunna fitilar motar na ga ta dushe, na san ba kik mai tayar da inji ba ne. Ruwan wankin ne ya sa kan batir ya yi fari kamar gishiri. Aikin minti biyar ne. Amma sai da na duba fis-fis na wutar motar ɗaya bayan ɗaya, na shiga ƙarƙashi na fito, ina kallonsa yana gumi a gaban jama'a. Da na gaji, na kankare kan batirin na ɗaure. Bugu ɗaya ta tashi.

Ya dubi mutane, ya nuna ni ya ce, "Wallahi tun muna makaranta Malam ya fi ni kai."

Da gaske yake, babu ba'a a muryarsa. Ya ja motarsa ya tafi masallaci. Ni kuma na naɗe ƙafar wando na hau kekena.