Faɗin Takuna a Gonar Tsallake

Gonar da mahaifinmu ya bar mana tana cikin Nijar, gidanmu kuma yana Jibiya. Duk damina da ƙafa nake tsallaka iyaka, sungumi a kafaɗa, jami'an ƙofa ma sun gaji da tambayata. Ni ke saran shuka. Ina gaba ina sara rami a kowane taku, iyali na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige.

Bara, ana dab da ruwan farko, na sa kafaɗa zan taya maƙwabcina tura amalanken da ya kafe a yashi. Sai na ji wani abu ya tsinke a bayan cinyata. Washegari ta kumbura suntum, ga zafi, ga shi na kasa takawa.

Na so a kira wanzami ya yi mini ƙaho ya zuƙe mataccen jinin, in samu in tashi kafin shuka. 'Yata, wadda ke karatun jinya, ta hana. Ta ce kumburin nan ƙwayoyin garkuwar jiki ne suka taru a wurin. Na farko su kwashe naman da ya lalace, sannan su sauya hali su taso ƙwayoyin da ke saƙa sabuwar tsoka. Wai a jikin dattijo sukan yi nawa.

Na ce to a gaya musu hadari ya haɗo.

Ta ce, "Baba, ba su san damina ba. In ka taka yanzu, abin da suka ɗinke shi za ka warware."

Ruwa ya sauka ina kishingiɗe a zaure. Ƙamshin ƙasa ya shigo ya same ni, na ga mutane suna wucewa da sungumi, ƙanena a cikinsu ɗauke da nawa, zai yi saran a madadina. Ban taɓa jin kewar wuri irin ta ranar ba.

Sai da gero ya kai gwiwa na iya zuwa. Ya yi kyau, ba ƙarya. Amma da na bi layi, ƙafata ba ta faɗa daidai da gindin ko ɗaya ba, don takun ƙanena ne.

Bana ni na yi saran. Da na kai ƙarshen layin farko na waiwaya, sai na ga ramukan sun matso kusa da juna, kamar yadda na mahaifinmu suka yi a daminarsa ta ƙarshe.