Malamin Mishan a Zaurena

Na fara saukar da fatake a Maigatari ba ni da komai sai zaure ɗaya da rumfar zana. Aikina in ba baƙo makwanci da tuwo, in ɗaure masa dabbobi, in nemo masa mai saye, in tsaya a kan ciniki. Mutanen Damagaram masu kawo kanwa da gishiri su suka riƙe gidan. Sunana a bakinsu shi ne jarina.

A shekarun da jirgin ƙasa ya iso Kano gyaɗa ta yi daraja, wani mutum ya yi sallama a ƙofata da jaki da akwati. Bahaushe ne fes, dattijo mai fara'a, ya ce ya daɗe a Lakwaja. Ya biyo ta Gagarawa da Gumel. Na ɗauka ɗan koli ne, na ba shi tabarma. Sai da ya sha fura ya buɗe akwatin, na ga ƙananan littattafai ne bugun inji, da ajami. Irinsa yanzu ake ce wa fasto. Mu a lokacin malamin Mishan muka sani, shi ma a labari.

Wa'azinsa bai da yawa. Ya ce azumi da sadaka ba su sayen Aljanna, Annabi Isa ya riga ya biya wa kowa, sai dai mutum ya miƙa hannu ya karɓa. Na ce masa ni tunda nake kasuwa ban taɓa ganin kaya mai kyau an bayar kyauta ba. Ya yi dariya har da tafi. Ya ce, "To ga littafi, shi ma kyauta ne." Na ce ya ga abin da nake faɗi ke nan.

Kafin kasuwa ta ci, labari ya gama gari. Wasu suka ce wanda ya taɓa littafin alwalarsa ta karye. Wasu suka ce da kitsen alade aka haɗa tawadar. Duk da haka littattafan suna ƙarewa, don takarda tana da tsada, kuma akwai filin yin rubutu a gefen shafi. Liman, tsoho mai kaifin baki, ya tsaya bayan sallah ya ce ɓata ce tsagwaronta, kowa ya kiyayi akwatin nan.

Jajiberin kasuwa ayarin Damagaram ya sauka. Madugunsu ya leƙa zaure, ya ga baƙona yana karanta wa wasu Fulani biyu, ya ja ni gefe.

"Maigida, wannan kuma wace haja ce?"

"Baƙo ne, Madugu."

"Baƙo ko annoba? A akushi ɗaya za ka zuba mana da shi? In ya kwana nan gobe, mun koma gidan maƙwabcinka. Shi ko tuwonsa ba gishiri, ba ya haɗa mu da Nasara."

Na tsaya ina susar gemu. In ayarin nan ya tashi, na tashi. In kuma na kori wanda na shimfiɗa wa tabarma, gobe madugun nan da kansa zai ce ga mai masaukin da ke fitar da baƙo in an matsa masa, wa zai bar masa kaya ya tafi? Kora ba ta yiwuwa. Amma akwai wata hanya da kowa ya sani: in babba ya nemi baƙonka, ka raka shi, wannan girmamawa ce.

Na nufi gidan Liman da goro.

"Allah gafarta Malam, mutumin nan ya faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai."

"Wace ƙaryar kuma?"

"Ya ce duk masu zagin littafinsa a garin nan, babu wanda ya karanta shi." Ya kuwa faɗa, ban ƙara masa ko kalma ba.

Liman ya gyara zama. "Har da ni?"

"Bai cire kowa ba, Allah gafarta."

"Kawo mini shi."

"Da akwatin?"

"Da akwatin, da jakin, da tabarmar! Nan zai zauna ina kallonsa, kafin ya lalata maka Fulani."

Na koma na ce wa baƙona babban malamin gari ya gayyace shi. Ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, "Maigida, ka iya ciniki." Na ce tuwonsa dai daga gidana zai riƙa zuwa, kuma haka aka yi.

Abin da ya faru a zauren Liman na ji rabi na ga rabi. Liman ya fara da kushe rubutun, ya ce baƙaƙen sun tsaya ƙiƙam kamar sojoji, ba wasali na kirki. Sannan suka shiga maganar ɗan Allah. Liman ya jawo aya, shi ya jawo Linjila. Liman ya kira shi ɓatacce, shi ya kira Liman babana. Suka raba goro, suka ci gaba. Babu wanda ya gusa ko taku. Liman ya karanta littafin har ƙarshe, ya cika gefen shafukan da raddi, ya ce yanzu ya tabbata ɓata ce, amma maganar kitsen alade shirme ne, a daina.

Ba a daɗe ba dogarai suka zo daga Gumel, suka ce Bature bai yarda da wa'azin Mishan a ƙasar sarki ba. Suka raka baƙon nawa kudu ba duka ba zagi. Liman ya ba shi guzurin dabino.

Ayari bai tashi daga gidana ba. Mutum ɗaya cikinsu, mai gishiri, ya ce zauren da baƙon ya kwana ma bai yarda da shi ba, ya koma gidan maƙwabcina, bai sake dawowa ba. Na yi asararsa, mai kaya ne sosai. Madugu kuwa ranar kasuwar nan, tun dogarai ba su zo ba, nemansa na yi ta yi, ga mai sayen kanwa daga Sule Tankarkar yana jira a rana. A ƙofar zauren Liman na same shi, ya tsuguna cikin 'yan kallon muhawarar Liman da baƙona.

"Madugu, kanwarka fa?"

"Sayar kawai, Maigida, na yarda da kai. Bari in ji amsar da tsohon nan zai ba shi."